Kan Sarkin Fotugal da Abin da Daula Ta Zaɓa Ta Tuna

Ran 1 ga Yuli, 1853, gidan wayar ƙasar Fotugal ya fara sayar da kan sarki mai ɗauke da surar Sarauniya Mariya ta Biyu, fara fat, an taso da ita a jikin takarda yadda mai liƙawa zai ji tudunta da ɗan yatsa. Ba a cika wata biyar ba sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga kawunan magadanta har kusan shekara arba'in.

Abin da ya sauya wannan al'ada wulaƙanci ne. A watan Janairu, 1890, gwamnatin Ingila ta aika wa Lisbon takardar gargaɗi, cewa ta janye sojojinta daga ƙasashen da ke tsakanin Angola da Mozambik, waɗanda Fotugal ta riga ta shafa wa launin ruwan hoda a taswirarta tana da'awar mallakarsu; da Sarki Karlos ya ga ba shi da ƙarfin ja da Ingila, sai ya sallama, jama'a suka fusata, har a cikin wannan fushi aka tsara waƙar da ta zama taken ƙasar bayan faɗuwar sarauta. Shekara biyu bayan haka baitulmali ya gaza biyan basussukan waje yadda aka yi alkawari. To, a cikin wannan hali na ƙasƙanci da talauci ne hukuma ta waiwayi zamanin da jiragen ruwanta suke da izza a bahar, ta fitar da kan sarkin tunawa na farko a 1894, domin cika shekara 500 da haihuwar Yarima Henri, wanda ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyen gano gaɓar Afirka. A shekarar da ta biyo aka yi na Antoniyo, waliyyin Kirista haifaffen Lisbon, wanda aka buga wa addu'a da harshen Latin a bayansa, daidai inda danƙo yake.

Amma wanda ya fi su shahara shi ne na 1898, na cika shekara 400 da isar Basko da Gama Indiya ta hanyar teku. Guda takwas ne, an buga su a Landan, wato a ƙasar da ta yi musu gargaɗin nan shekara takwas kafin haka. A jikinsu mutum zai ga jiragen suna tashi daga bakin kogin Lisbon da filafilansu a buɗe, ya ga isarsu Kalikut, ya ga babban jirgin ayarin mai sunan Mala'ika Jibrilu. Hikimar da aka yi, wadda babu daular da ta riga Fotugal yin irinta, ita ce aka fitar da zane iri ɗaya ga ƙasar da mallakokinta baki ɗaya, daga tsibiran Azores da Madeira zuwa Afirka da Indiya da Makawo da Timor, ba abin da ya bambanta sai sunan wuri da kuɗin da ake kashewa a can, ta yadda ma'aikacin gidan waya a gaɓar Sin da takwaransa na Lisbon suke liƙa hoto guda. Akwai kuma maslahar kuɗi a ciki, domin masu tara kan sarki suna saye su adana ba tare da sun ɗora wa gidan waya nauyin wasiƙa ba.

Mai karatu Musulmi ɗan Afirka yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka bari a bayan waɗannan zane-zane masu kyau. Yarima Henri ya fara suna ne a yaƙin ƙwace birnin Sabta daga hannun Musulmin Maroko a 1415. Kuma marubucin tarihin fadarsu, Zurara, ya ruwaito yadda a 1444 aka sauke bayi 235 a garin Lagos na kudancin Fotugal, aka raba uwa da ɗa a fili, yariman yana kan doki, aka ware masa humusinsa. Basko da Gama kuwa, a tafiyarsa ta biyu a 1502, ya tare wani jirgi da ke komowa daga Makka a tekun Indiya, ya kwashe dukiyarsa, ya sa masa wuta da alhazan da ke ciki, maza da mata. Ba na ganin adalci ne a musanta jaruntakar matuƙan da suka ratsa tekun da ba su sani ba, amma wanda ya karɓi tarihinsu daga kan sarki kaɗai rabin shaida ya ji.

Da aka kifar da sarauta ran 5 ga Oktoba, 1910, sabuwar hukuma ba ta jira sabon zane ba, sai ta buga kalmar jamhuriya a karkace bisa fuskar Sarki Manuwel na Biyu, wasiƙu suka ci gaba da tafiya. Daga baya gwamnatin Firayim Minista Salazar ta ƙara faɗaɗa al'adar: a 1940 ta haɗa bikin kafuwar daula na 1140 da na kuɓuta daga Sifen na 1640, a 1960 kuma ta tuna cika shekara 500 da mutuwar Henri, alhali a wannan shekarar ce ƙasashen Afirka goma sha bakwai suka sami 'yanci, Fotugal kuwa tana riƙe da mallakokinta.

Sai bayan juyin mulkin 25 ga Afrilu, 1974, da sakin mallakokin Afirka, harshen tunawa ya fara laushi. Babban baje kolin Lisbon na 1998 ya zo daidai da shekara 500 na tafiyar Basko da Gama, amma maudu'in da aka zaɓa masa kiyaye tekuna ne, tambarinsa kuma rana ce da igiyar ruwa. An dai sa wa sabuwar gadar da ta haye kogin Teju sunan Basko da Gama, ɗan butumbutumin bikin kuma aka kira shi Jil, bisa sunan matuƙin da Henri ya aika ya wuce Ras Bojador, a gaɓar Afirka, a 1434.