Amincin Sinadarin Gwaji a Nazarin Yadda Hanta ke Sarrafa Magani: Waiwaye kan Ayyukan Birmingham da Manchester

Tsakure: Maƙalar ta nazarci sinadaran gwaji biyu, carbocisteine da midazolam, ta kuma nuna cewa shaidar sinadari guda ba ta isa a yanke hukunci kan aikin hanta ba.

Mai bincike ba shi da halin leƙa hantar mai rai ya ga aikinta. Sai dai ya ba mutum wani sinadari sananne, ko ya zuba shi kan ƙwayoyin hanta a ɗakin gwaji, sannan ya auna abin da sinadarin ya rikiɗe ya zama.

A Jami'ar Birmingham, Rosemary Waring da abokan aikinta sun yi amfani da carbocisteine, maganin da ke tsinka majina. A binciken 1984 an shayar da mutum 200, aka tara fitsarinsu, aka ga wasu kusan ba sa iya haɗa sulfar da ke cikin maganin da iskar oksijin. Daga baya aka danganta wannan rauni da cutar Parkinson. Sai dai a farkon shekarun 1990 masana a Jamus, da na'urori mafi inganci, suka yi jayayya da hanyar awon, suna cewa an ɗauki wani sinadari a matsayin wani. Aka kuma gano sakamakon kan sauya gwargwadon lokacin shan maganin, safe ko dare. A ganina tambayar Birmingham tana kan hanya, ma'aunin ne bai gama nuna ba.

Manchester ta ɓullo ta wata fuskar. A 1994 Brian Houston ya fayyace yadda za a hasko saurin fitar magani daga jiki ta hanyar awon ɗakin gwaji. A 1999 shi da Kenworthy da sauran abokan aiki suka kwatanta sinadarai 10 da inzayim ɗin CYP3A4 ke sarrafawa. Ba su yi hali ɗaya ba. Midazolam, wanda likitoci ke kwantar da majiyyaci da shi kafin tiyata, ya faɗa rukuni guda da diazepam. Testosterone da erythromycin suka kama nasu. Nifedipine ya ware shi kaɗai. Ke nan maganin da ya danne sarrafa ɗaya ba lallai ya danne na ɗayan daidai da haka ba, kuma mai dogaro da sinadari guda zai iya kuskuren hasashen karon magunguna a jikin majiyyaci.

Nan ne abin ya shafe mu. Midazolam ba CYP3A4 kaɗai ke sarrafa shi ba, har da CYP3A5, wanda yawancin Turawa ba su da mai aiki sosai, alhali yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da shi. Saboda haka alƙaluman da aka samo daga hantar Turawa na bukatar a sake auna su a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, da sinadari fiye da ɗaya, tare da tantance ƙwayar halittar CYP3A5 ta kowane mai sa kai.