Akwatin Mai Gyaran Keke a Zangon Kumasi

Idan tsohon mai gyaran keke ya rasu a Aboabo ko Asawase, tufafinsa da 'yan kuɗin da ya bari ba sa wahalar rabo. Abin da ke tsaya wa magada a wuya shi ne akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. Wannan ya ce a kira 'yan kondem su ɗora a sikeli, wancan ya ce gumin Baba ne, ba a sayar da shi kamar ruɓaɓɓen kwano. Malamin da zai raba gado ƙima yake nema, ƙimar kuwa ba mai iya yankewa, domin rabin abin da ke ciki ba wanda ya san sunansa, balle aikinsa.

Don a gane akwatin, sai an koma tarihin Zango. Hausawa sun daɗe da sanin hanyar Gonja saboda goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar can, Turawan Ingila suka mamaye Kumasi a 1896, bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 kuma Zango ya zauna da gindinsa. A 1903 jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi, kayan kantunan bakin teku suka samu hanyar shigowa cikin ƙasa, har da keke.

Kekunan da suka cika ƙasar, wato Gwalkwas ta lokacin, na Ingila ne: Raleigh na garin Nottingham, mai tambarin kan zalɓe, da Hercules da Phillips da BSA na Birmingham. Dogaye ne baƙaƙe, taya inci 28, birkin sanda, kariya mai ɗaukar buhu. Kumasi gari ne na hawa da gangara, keke bai taɓa mamaye shi kamar Tamale ba, amma mai talla da ɗan aike da malamin makaranta duk sun dogara da shi.

A kan asalin kayan gyaran akwai magana biyu da ake yawan ji. Wasu sun ce sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 ne suka zo da su. Wasu sun ce daga Suame Magazine suka fito, matattarar makanikai da ta faro tun shekarun 1930. Ban musa cewa sifana ɗaya ko biyu sun biyo waɗannan hanyoyi ba, amma akwatin da kansa ya fi kowa iya ba da labari. Kayan soja da na mota masu kauri ne. Na keke kuwa ga su: wata fallen sifana mai baki da ramuka iri-iri, wadda ake sayar da sabon keke da ita a 'yar jakar bayan sirdi, wata siririya kamar wuƙa, domin ta shiga tsakanin noti da mazaunin boris a cibiyar taya, ɗan makullin ɗaure sifok da bai wuce girman kwabo ba, ƙarafan ɓamɓare taya. Ba motar da ke buƙatar ko ɗaya. A ganina da keken suka shigo, ta kanti, abin da ya rage kuma maƙeran Zango suka cike. Shi ya sa kusa da ƙarfe mai hatimin Birmingham sai ka ga turmin ƙarfe mara tambari, mai rami a tsakiya, wanda ake tokare hannun feda da shi kafin a buge kotar da ke riƙe da shi. Wannan na gida ne, kuma ni shi na fi ji wa ciwo idan ya tafi sikeli, domin ba kantin da za a sake samunsa.

Akwai abin da ke ruɗa magada har su ce sifanar ta lalace. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara ma'aunin noti na Ingila, kuma lambar da ke jikin irin wannan sifana kaurin ƙusar take nufi, ba faɗin kan noti ba. Wadda aka rubuta wa 1/4 W bakinta milimita 13 ne da 'yan kai. Sifana lamba 13 ta yau ba ta shiga notinta, lamba 14 kuma sai ta zame ta cinye kusurwoyin. Raleigh ma ya ƙara nasa: a gindin feda da wuyan keke yana yanka zare 26 a kowane inci, alhali sauran kamfanonin Ingila 24 suke yi. Wanda bai sani ba ya tura kayan wani keke da ƙarfi, ya kashe firam ɗin ke nan.

Umarnin korar baƙi na gwamnatin Busia a ƙarshen 1969 ya ba mutane mako biyu su fice, Zango ya girgiza, sana'o'i da yawa suka rasa iyayen gidansu. Duk da haka kayan ba su mutu a lokacin ba. Kekunan Sin, Phoenix na Shanghai da Flying Pigeon na Tianjin, a kan fasalin na Ingila aka ƙera su, da kota da birkin sanda, don haka yawancin abin da ke akwatin ya ci gaba da cin abinci.

Yau kowa babur da pragya mai ƙafa uku yake zargi. Sun rage masu hawa, gaskiya ne, amma ba su ne suka kwantar da waɗannan ƙarafa ba. Kekunan gwanjo ne daga Japan da Turai da Amurka, masu giya da birkin waya, masu ƙusoshin da sai makulli mai kusurwa shida, komai nasu a milimita. Mai gyara ya sayi sababbin kaya, tsofaffin suka koma ƙasan akwati. Raleigh kansa ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002.

Shawarata ga magada ita ce kada a kira mai sikeli kafin a jiƙa kayan a kananzir, a goge da buroshin waya, a karanta abin da ke jiki. Filaya da guduma da sukudireba na kowa ne, a raba su yadda aka saba. Masu alamar W ko BSF, da siraran sifanu, da aikin maƙera, a haɗa su wuri ɗaya kada a raba su, domin ɗaya ba ta aiki sai da 'yar'uwarta. A kira wani tsohon ɗan sana'a ya yi musu kuɗi a gaban malam, kuɗin ya shiga rabo. Sannan a fara tayi ga yaron da marigayin ya koya wa aiki. In ba shi, motocin Tamale da Bolgatanga da Bawku na tashi daga Kumasi kullum, can kuwa har yanzu ana kai kaya kasuwa a kan doguwar baƙar Phoenix mai kota.