Yadda Bel Ya Shiga Motoci Masu Buɗaɗɗen Sama

A 1959 ne kamfanin Volvo na Suwidin ya fara sa bel ɗin da injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙiro, mai ratsa ƙirji da ƙugu. Sai dai bel ɗin kafaɗa yana buƙatar ginshiƙin da ke riƙe rufi, motoci masu buɗaɗɗen sama kuwa ba su da shi.

Shi ya sa dokar bel ta Amurka ta 1968 ta bar su da na ƙugu kaɗai.

Har yau masu gyaran tsofaffin motocin Ford Mustang masu buɗaɗɗen sama sukan huda ƙasan motar, su sa farantin ƙarfe mai kauri kafin ɗaure noti, don kada bel ya tsinke da tsatsar ƙasan lokacin hatsari. Mercedes kuwa ta haɗa bel ɗin da kujerar motarta SL mai buɗaɗɗen sama a 1989.