Yadda kwamfuta ke tsara fikafikan sanyaya na'urori

Duk na'urar da ke aiki da lantarki ko man fetur tana fitar da zafi, kuma idan zafin bai samu hanyar fita ba, na'urar kan rage ƙarfi ko ta ƙone.

Shi ya sa injiniyoyi ke jera siraran faya-fayen ƙarfe a jikin injin babur, da janareto, da taransfoma, da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Waɗannan su ne fikafikan sanyaya, kuma aikinsu shi ne faɗaɗa wurin da ƙarfe mai zafi ke haɗuwa da iska.

Ina matsalar take?

Yawan fikafikai ba shi ne sanyi ba. Idan suka cushe, iska ba za ta ratsa tsakaninsu ba. Idan kuma fiffike ya cika tsawo, bakinsa zai huce har ya kusa daidai da iskar wurin, ya zama nauyi kawai.

Zaɓin ƙarfe ma da sarƙaƙiya. Jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin wucewa da zafi, to amma ya ninka shi nauyi fiye da sau uku, ga kuma tsada.

Tarihin binciken

A shekarar 1822 masanin lissafi ɗan Faransa, Joseph Fourier, ya wallafa ƙa'idar tafiyar zafi cikin abu mai tauri.

A 1926 injiniya Bajamushe, Ernst Schmidt, ya ce fiffiken da ya fi tsimin ƙarfe shi ne mai kauri a gindi, wanda ke sirancewa har baki. Ba'amurke Richard Duffin ya tabbatar da haka ta hanyar lissafi a 1959.

Sai dai lissafin hannu ba ya iya ɗaukar fikafikai da dama da iska ke karkaɗawa a tsakaninsu. A nan ne kwamfuta ta shigo.

Dabarun da ake amfani da su

Ta farko ita ce mai kwaikwayon gado, wadda John Holland na Jami'ar Michigan a Amurka ya bayyana a littafinsa na 1975. Kwamfuta kan ƙirƙiro zane-zane masu yawa, ta auna kowanne, ta zubar da raunana, ta haɗa siffofin nagartattun domin samar da sababbi, kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimi. Haka za ta yi ta maimaitawa har ci gaban ya tsaya.

Ta biyu ta samo asali ne daga aikin Martin Bendsøe da Noboru Kikuchi na 1988. A nan ba a gaya wa kwamfuta siffar fiffiken. Ana ba ta fili da adadin ƙarfe, ita ce za ta yanke inda za a sa ƙarfe da inda za a bar wa iska. Sau da yawa abin da ke fitowa kan yi kama da rassan bishiya.

Ana ƙera irin waɗannan siffofi ne da na'urar da ke gina ƙarfe shimfiɗa bisa shimfiɗa, abin da ya fi hanyar da aka saba tsada.

Me ya sa batun ke da muhimmanci?

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanan intanet sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, kuma wani ɓangare na wutar ya tafi ne wajen sanyaya.

Amma kwamfuta tana amsa tambayar da aka yi mata ce kawai. Zanen da aka lissafa da tsabtatacciyar iska mai sanyi zai iya gazawa a yankin Sahel, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe ƙananan ramuka. Don haka wajibi ne a sa yanayin wurin cikin lissafin, a kuma gwada zanen a zahiri kafin a kai shi kasuwa.