Sinawan Masaƙun Kakuri da Zaman Baƙunta

Unguwar Kakuri da ke Kaduna ta zama cibiyar masaƙu tun 1957, lokacin da aka buɗe Kaduna Textiles Limited. A 1964 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa United Nigerian Textiles Limited, wato UNTL, wadda ta yi fice wajen buga atamfa. Da ita ne injiniyoyi da masanan rini Sinawa suka shigo unguwar, wasunsu samari, tun kafin Nijeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971.

Zaman bai zo musu da sauƙi ba. Sun baro birni mai cunkoso a bakin teku, suka sauka inda hunturu ke fasa leɓe, ba dangin iya ba na baba. Harshe ne babban shinge, domin Hausa da Turancin buroka ake ji a cikin masaƙa. Buga waya gida kuwa tsada gare shi, sai dai wasiƙa, ita ma ta yi makonni a hanya.

Maganin da suka samu shi ne junansu. Tare suke kwana a gidajen kamfani, su ci girki irin na gida, sauran lokaci aiki ya cinye. Dabarar ta rage kewa, amma ta nesanta su da mutanen gari, har galibi sanayya ta tsaya a ƙofar masaƙa, wanda hasara ce ga ɓangarorin biyu.

An rufe UNTL a 2007, shekarar da Cha ya rasu.