Kiɗan "progressive rock" da danginsa: mene ne shi, kuma ina ya haɗu da kunnen matasan ƙasar Arewa?

"Progressive rock", wanda masoyansa ke taƙaitawa da "prog", wani reshe ne na kiɗan rok da ya ɓullo a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Idan ka ambaci wannan suna a wata fadar samari a Dumega ko Tibiri ko Dogondutsi, da wuya a gane abin da kake nufi. Amma abubuwan da suka sa kiɗan ya fita daban, wato doguwar waƙa, da sauya bugu a tsakiyarta, da nuna gwaninta a kan jita, ba baƙi ba ne a Nijar. Akwai ƴan ƙasar nan da suka yi suna a duniya da irin wannan salo.

Asalinsa da kamanninsa

A wancan zamani waƙar rok ba ta cika wuce minti 3 ba, saboda haka gidajen rediyo ke so. Wasu samarin makaɗa, da yawansu sun koyi kiɗan gargajiyar Turai da jaz, suka ga wannan ma'auni ya yi musu kaɗan. Sai suka shiga tsara waƙa mai sassa da yawa, kowane sashe da nasa bugun.

Ana yawan ɗaukar faifan ƙungiyar King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King, a matsayin mafarin salon. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da Close to the Edge, wanda waƙarsa ta farko ta haura minti 18 kuma ta cinye fuska guda ta faifan garmaho. A 1973 Pink Floyd ta fitar da The Dark Side of the Moon, ɗaya daga cikin faifan da aka fi saye a tarihi. A cikinsa akwai waƙar "Money" da ke tafiya da bugu bakwai maimakon huɗu da aka saba. A Faransa, ƙungiyar Magma ta Christian Vander har wani harshe ta ƙirƙira don rera waƙoƙinta.

Wajen 1977 kasuwar salon ta fara ja da baya, lokacin da sabbin matasa suka rungumi "punk", mai gajerun waƙoƙi da zafin kai. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Danginsa a Afirka ta Yamma

Ƙungiyar Osibisa, wadda ƴan Gana da ƴan tsibiran Karebiya suka kafa a Landan a 1969, ta haɗa ganguna da rok, kuma Roger Dean, mai zanen bangon faifan Yes, shi ya zana bangon faifanta na farko. A Legas, a farkon shekarun 1970, an yi ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege. Ƴan Ofege ɗalibai ne na kwalejin St Gregory lokacin da suka naɗi faifansu Try and Love, ke nan tun a wancan lokaci yara ƴan makaranta na Afirka sun riƙi jitar lantarki.

Jitar Nijar

Mafi kusa da wannan salo a ƙasar nan shi ne kiɗan jitar Abzinawa, wanda ƙungiyar Tinariwen ta Mali da Abdallah Oumbadougou na Nijar suka share wa hanya. Bombino, ɗan jahar Agadas da aka haifa a 1980, ya fitar da Nomad a 2013, sannan faifansa Deran na 2018 ya shiga jerin masu takarar kyautar Grammy ta Amurka, abin da wani ɗan Nijar bai taɓa samu ba kafin shi.

Labarin Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, ya fi shafar matasan Hausawa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula, har ɗaya daga cikinsu ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011. Daga baya salonsa ya ƙara kauri da tsawo a Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, inda yake magana a kan mulkin mallaka da halin da nahiyar ke ciki.

A Yamai kuma akwai Tal National ta Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma saurin bugunsu da yadda suke juya shi ba zato ya sa marubutan Turai da Amurka ke kwatanta su da ƴan "prog" tun fitowar Kaani a 2013. Ƴan mata ma ba a bar su a baya ba: Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad tana cikin matan Abzinawa na farko da suka shahara da jita.

Abin da matasan Arewa ke saurare

Dumega ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogondutsi a 2011, cikin Dallol Mawri, dab da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya. Kusancin nan da kuma harshe ɗaya su ke jan akalar kunnen yara. Waƙoƙin soyayya na Kano, irin na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, su ne na gaba a bukukuwa da fadoji. Bayan su akwai kiɗan Legas da na Abijan, da rap na gida da ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass-Wong suka kafa wa tushe a Yamai.

Hanyar da waƙa ke isowa ita ma tana da tasiri. Da kaset ne, sai katin memori da ake lodawa a kasuwa, yanzu kuma WhatsApp da TikTok. Inda kuɗin intanet ke da tsada kuma cajin waya sai an biya, gajeriyar waƙa mai amshi ita ke tafiya. Waƙar minti 10 da jita ke magana ita kaɗai ba ta da saurin yaɗuwa a irin wannan kasuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa wasu gwanayen jitar ƙasar nan suka fi cika ɗakunan wasa a Amurka da Turai fiye da yadda ake jin su a wayoyin samarin kudancin Nijar.

Tushen da ke gida

Duk da haka, ɗan Arewa ba sabon shiga ba ne a doguwar waƙa. Mai goge da masu ƙwarya a wasan bori suna kaɗa wa kowane iska nasa take, suna ƙara sauri ko su sassauta gwargwadon yadda fage ya ɗauka. Makaɗan kokawa da na manoma ma haka suke jan kiɗa su juya shi. Dogondutsi kuma ta taɓa yin tashe da ƙungiyarta ta kiɗan zamani, Akazama, a zamanin da gasar Ɗan Gurmu, wadda aka fara a 1987, ke zaburar da makaɗan jahohi.

Abin da ya yi ƙaranci yanzu shi ne wurin koyo da kayan kiɗa. Babbar cibiyar koyar da kiɗa ta ƙasa, CFPM Taya, tana Yamai, kilomita kusan 270 daga Dogondutsi. Yaron da ke da salula zai iya rera waƙa a kan kiɗan kwamfuta cikin yini guda, amma goge ko jita sai an shekara ana koyo a gaban wanda ya iya.

Ga matashin da ke son ɗanɗana wannan salo, hanya mafi sauƙi ita ce ya fara daga gida: Tal National, sai Bombino da Mdou Moctar, kafin ya wuce zuwa Pink Floyd da Yes. Idan ya saurari waƙa guda daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsallake ba, zai ji inda bugun ke juyawa, kuma mai yiwuwa ya tuna ya taɓa jin irinsa a dandalin garinsu.