Ƙwayoyin Zinare a Gashin Ciwon Daji: Me Ya Hana Nasarar Ɓeraye Isa Asibiti?

Tsakure

Maƙalar nan ta sake duba hujjar da aka fi kafawa cewa ƙwayoyin zinare masu girman nanomita suna ƙara wa gashin ciwon daji ƙarfi. Ta gano cewa yawan zinaren da aka ba dabbobin gwaji da irin hasken da aka haska musu duk sun saɓa wa aikin asibiti.

Bitar Ayyuka

Babu jayayya a kan asalin lamarin. Lambar atam ta zinare 79 ce, ta aidin da ake yi wa majiyyaci allurarsa kafin ɗaukar hoto kuwa 53, saboda haka zinare ya fi shanye hasken eksire, hoto ya fito fes. Jayayyarmu ita ce da masu ɗaukar aikin Hainfeld da abokansa na 2004 tamkar an gama magana. A gwajin, an yi wa ɓeraye masu ƙari allurar ƙwayoyi masu faɗin nanomita 1.9, aka gasa su da haske mai kilobolt 250. Kashi 86 cikin 100 suka kai shekara a raye. Waɗanda aka gasa ba zinare, kashi 20 kacal. Alƙaluman nan ake ta yaɗawa, ba a ambaton sharuɗɗan da suka haifar da su.

Hanyar Bincike

Mun ɗauki alƙaluman da aka wallafa, muka lissafa su bisa nauyin mutum mai kilo 70, sannan muka kwatanta ƙarfin hasken da na injinan asibiti.

Sakamako

Kowane kilo na nauyin ɓera giram 2.7 na zinare ya samu. A jikin mutum wannan giram 189 ke nan, a jijiya, lokaci guda. Ko an kau da kai daga tsada, ina zinaren zai tafi? Ƙoda tana tace ƙwayoyin da ba su wuce kimanin nanomita 5.5 ba, don haka ƙanana sukan fice cikin fitsari da wuri, manya kuwa su maƙale a hanta da saifa. Nazarin Wilhelm da abokansa na 2016 ya nuna cewa, a tsaka-tsaki, kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka zuba ne ke isa ƙari.

Matsalar haske ta fi wannan girma. Fifikon zinare a kan tsoka yana bayyana ne idan hasken na kilobolt ne, domin a nan shanyewar tana ƙaruwa sosai da lambar atam. Injinan gashi na asibiti kuwa galibi megabolt 6 ko sama suke bayarwa, kobalt-60 kuma kimanin 1.25. A wannan mataki warwatsuwar Compton ce ke rinjaye, ita kuwa ba ta damu da lambar atam ba sosai. Hasken kilobolt ɗin kuma ba ya kutsawa ciki sosai. Ƙarin ɓera yana ƙarƙashin fata, na mahaifa ko na hanta a jikin mutum yana can lungu.

Iyakoki

Gaskiya ne, Chithrani (2010) da Jain (2011) sun ga ɗan ƙarin tasiri da megabolt 6, fiye da abin da lissafi ya hango. Amma a kwanon gwaji suka gani, inda babu hanta balle ƙoda. Lissafinmu ma bisa nauyi kawai yake.

Kammalawa

Zinare ya fi dacewa da ɗaukar hoto da gashin da ake yi da haske mai ƙarancin ƙarfi kusa da ƙari. Duk mai da'awar fiye da haka, sai ya maimaita gwajin da injin megabolt da adadin da za a iya ba mutum.